Kushin, keken motsa jiki ko keken hawa: wanne zan fara saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna sun haura 40, aikina na kwamfuta ne, a zaune nake wuni. Bayana ya fara ciwo, ƙiba kuma tana ƙaruwa. Muna zaune a hawa na biyu na wani bene, falonmu ƙarami ne. Kuɗin da na tara abu ɗaya kawai za su saya: ko sabon saitin kushin mai laushi in riƙa hutar da bayan, ko keken motsa jiki na cikin ɗaki, ko keken hawa in riƙa zuwa aiki da shi, tafiyar kilomita 6 ce. Maiɗakina ta ce keke zai ɓata falo, ya kuma cinye wuri. Wace shawara za ka ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Shawarata ita ce ka sayi keken hawa, amma kada ka biya kuɗinsa sai kai da maiɗakinka kun tsaya a bakin ƙofa da tef ɗin awo, kun daidaita a kan inda zai riƙa kwana. Kushin ya jira tukuna, mai yiwuwa ma gyara yake so ba sauyi ba. Keken cikin ɗaki shi na ajiye a ƙarshe, kodayake akwai yanayin da zai mayar da shi na farko, zan kuma faɗe shi.

Mu fara da bayan, don shi ba a wasa da shi. Idan ciwon yana gangarowa ƙafa har kana jin ta sage ko ta yi rauni, ko kana kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko tsakanin cinyoyinka ya daina jin taɓi, ko kana ramewa ba dalili tare da zazzaɓi, to ka bar maganar sayayya ka tafi asibiti yau ɗin nan. Haka kuma idan kana da hawan jini, ciwon suga, ko ƙirjinka na ɗaurewa in ka hau matakala, likita ya duba ka kafin ka fara. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, to ciwonka irin wanda ya fi yawa ne a wurin masu aikin zama, kuma shi motsi ne maganinsa. A da ana cewa mai ciwon baya ya kwanta ya huta kwanaki, yanzu likitoci sun bar wannan shawarar, domin an ga doguwar kwanciya tana ƙara sandarar da baya ne kawai.

Abin da ya sa na zaɓi keken hawa ya samo asali ne daga wani tsohon bincike da nake ganin har yau ba a gama cin moriyarsa ba. A 1953 wani likita ɗan Birtaniya, Jeremy Morris, ya fitar da sakamakon nazarin da ya yi a kan ma'aikatan manyan motocin bas masu hawa biyu na birnin Landan. Direba a zaune yake wuni. Kwandasta kuwa yana hawa yana sauka a matakalar motar, yana bin fasinja yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, awannin aiki ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, in ya kama su kuma ya fi saurin kashe su. Abin lura a nan shi ne, kwandastocin ba wani wurin motsa jiki suke zuwa bayan an tashi ba, ba kuma sun fi direbobin himma ba ne. Motsin yana cikin aikinsu ne, ba yadda za su yi su kauce masa. Wannan nake so ka samar wa kanka: motsin da ya shiga cikin wunin da kake da shi tun asali, wanda ba sai ka tsaya kana lallashin kanka kullum ba.

Mu yi lissafi da tafiyarka. Mai hawa keke a natse yana cin kamar kilomita 15 a awa ɗaya, ka ga kilomita 6 minti 24 ke nan. Zuwa da dawowa minti 48, kwana biyar minti 240. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsa jiki, wato irin wanda numfashi zai ɗan hau amma kana iya magana. Ka cika wannan ma'aunin ba tare da ka ciri ko minti ɗaya daga lokacin iyalinka ba, domin dama tafiyar dole ce. A 2017 masana daga jami'ar Glasgow sun bibiyi mutum sama da 260,000 a Birtaniya, suka ga masu zuwa aiki a keke haɗarin mutuwarsu da wuri ya yi ƙasa da kashi 41 cikin ɗari a kan na masu zuwa a mota ko jirgin ƙasa. Irin wannan bincike ba ya iya tabbatar da cewa keken shi kaɗai ne sanadi, tunda mai lafiya ya fi saurin zaɓar keke tun farko. Amma sakamakonsa ya zo daidai da na Morris da na wasu da dama, duk alƙibla ɗaya suka fuskanta.

Keken cikin ɗaki kuwa lokaci yake nema daga gare ka, kuma lokacin da zai nema shi ne wanda ka dawo a gajiye, kushin yana gabanka. Babu iskar hanya da za ta busar da gumi, babu abin kallo, babu inda za ka isa. Zai mamaye fili mai tsawon sama da mita ɗaya da faɗin rabin mita, dare da rana. Abin da na fi gani a gidajen mutane shi ne, bayan 'yan watanni ya koma wurin rataye tawul, mai shi kuma yana jin nauyin kansa duk sanda ya kalle shi, kuma wannan jin nauyin ba ya taimaka wa kowa. Duk da haka, idan hanyar wurin aikinka babbar hanya ce da manyan motoci ke gudu a kai, babu gefe babu wata ta cikin unguwa da za ka bi, to ranka ya fi komai, sayi na cikin ɗaki. Haka ma wanda jiri ke ɗiba, ko wanda aka yi wa aiki a gwiwa yake farfaɗowa. In ka saye shi, ajiye shi kusa da taga, ka sa masa fanka, ka haɗa shi da wani abu da dama kake yi kullum, kamar sauraron labarai.

Yanzu maganar maiɗakinka. Gaskiya ta faɗa, kada ka ɗauki maganarta a matsayin cikas. Keke yana shigo da ƙurar hanya, sarƙarsa tana shafa baƙin mai a labule da tufafi, fedarsa tana bugun ƙaurin mai wucewa. Keken babba tsawonsa santimita 170 zuwa 180 ne, hannunsa kuma faɗin santimita 60 ko fiye. In ka jingine shi a bango a ƙaramin falo, ya cinye hanya ke nan. Gidan da aka shigo da keke ba tare da an tanadar masa wuri ba, ƙarshenta ana tura shi bayan kabad ko baranda, a ɗora masa kwalaye, tayoyi su sace, shi ke nan an daina hawa.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aikin dai kada ka dogara da ido, ɗauko tef. Hanyar da ta fi tattalin wuri ita ce rataye keken a tsaye, tayar gaba a sama cikin ƙugiya, tayar baya tana jingine da bango. A haka zai ɗauki faɗin bango kamar santimita 60 zuwa 70, ya turo cikin ɗaki kamar mita ɗaya, yana kuma buƙatar tsayin kusan mita biyu. Lungun bayan ƙofa ko kusurwar da ba a amfani da ita ya fi dacewa da wannan. Hanya ta biyu ita ce a kwantar da shi a jikin bango a kan maƙalai biyu, ya ɗauki tsawon bango amma turowarsa ba ta wuce faɗin hannunsa ba. Wannan ta fi kyan gani, in aka ɗaga shi sama ma ana iya sa kantar takalma a ƙarƙashinsa. Ko wacce ka zaɓa, hanyar wucewa ta rage aƙalla santimita 80 zuwa 90, yadda mai ɗauke da kaya ko yaro zai wuce ba tare da ya karkace ba.

Ƙananan abubuwa ne za su sa maiɗakinka ta yarda ko ta ƙi. Sa ɗan faifan roba ko falankin katako a daidai inda taya ke taɓa bango, don kada ta bar zane a fenti. Shimfiɗa tabarmar roba mai ɗan baki a ƙasa ta tare ƙasa da ruwa. Ɓangaren sarƙa ya fuskanci bango ko kusurwa. Duk sanda ka sa wa sarƙa mai, ka bar shi ya shiga, sannan ka goge na waje da tsumma har sai ta kusa bushewa a ido, domin man da ke aiki yana cikin gaɓoɓin sarƙar ne, na waje ƙura kawai yake tarawa. Keken ya kasance mai madigadi. Sai ƙugiyar kanta: in bangon bulo ne ko kankare, a huda a sa sukuru da abin riƙe shi. In kuwa bangon allo ne da aka raba ɗaki da shi, dole sukurun ya shiga katakon ko ƙarfen da ke ciki, in ba haka ba wata rana ya ɓalle da keken gaba ɗaya.

Sai dai hawa na biyu kake, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna a tambayarka. Keken yau da kullum nauyinsa kilo 12 zuwa 15 ne, tsofaffin na ƙarfe suna kaiwa kusan 20. Ɗaukar wannan a kafaɗa a matakala mai lanƙwasa, safe da yamma, ga baya mai ciwo, shi zai fara sa ka ce yau dai bari in bari. Don haka ka fara tambayar mai gidan ko akwai wuri a ƙarƙashin matakala ko a farfajiya inda ruwan sama ba ya duka, a kafa zoben ƙarfe a bango, ka riƙa ɗaure keken da makulli mai ƙarfi da zai ratsa jikin keken da tayar baya tare. In babu, duba keke mai naɗewa. Wanda ya fi suna shi ne Brompton, wanda Andrew Ritchie ya ƙirƙiro a Landan a tsakiyar shekarun 1970, in an naɗe shi bai kai santimita 60 a tsawo da tsayi ba, yana shiga ƙarƙashin tebur. Akwai na wasu kamfanoni da yawa masu sauƙin kuɗi. Aibinsu shi ne ƙananan tayoyi sun fi jin rami da gargada, amma a kilomita 6 sun wadatar. Keke mai batir kuwa yakan haura kilo 20, ba na ba ka shawarar hawa bene da shi. Wanda ya saye shi kada ya yi cajin batirin a bakin ƙofar fita ko ya bar shi a wuta ya kwanta, kuma ya yi amfani da cajarsa ta asali, domin gobarar irin wannan batir tana da saurin tashi da wuyar kashewa.

Ma'aunin da nake ba mutane shi ne, daga sanda ka ce zan fita zuwa sanda ƙafarka ta hau feda kada ya wuce minti biyu. Hular kwano, makulli, fitila da famfo duk su zauna wuri ɗaya kusa da keken. Ƙasar Holan, inda kekuna suka fi mutane yawa, ta fahimci wannan da kyau. Ba haka take ba tun fil azal: a farkon shekarun 1970 motoci sun cika titunanta, sai zanga-zangar iyaye kan yaran da ake kaɗewa da matsalar man fetur ta 1973 suka sa aka sauya tsari. Ba hanyoyi kaɗai suka gina ba, har da wurin ajiya. A tashar jirgin ƙasa ta Utrecht akwai ma'ajiyar da ke ɗaukar keke 12,500, an kammala ta a 2019. Sun gane cewa mutum ba ya hawa abin da bai san inda zai ajiye ba. Abin da gari ya yi wa dubban mutane, kai ma za ka yi wa kanka a kusurwa ɗaya.

Mu dawo kan kushin, domin a nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi da kyakkyawar niyya. Laushi yana ruɗi. Idan ka nutse a kujera, mazaunanka suna yin ƙasa da gwiwoyinka, ƙugu ya mirgina baya, ɗan lanƙwasan nan na ƙasan gadon baya ya baje, bayan gaba ɗaya ya tanƙware, wuya kuma ya miƙo gaba don ido ya ga talabijin. Minti goma na farko daɗi ne zalla, shi ya sa ake saye. Bayan awa ɗaya sai ka ga mutum yana tashi yana dafa ƙugu. Wanda ya wuni a zaune a ofis, ya dawo ya nutse a irin wannan kujera awa uku, bai hutar da bayansa ba, ƙara masa lodi ya yi.

Kujerar da ta dace tana da alamomi da za ka iya gwadawa da jikinka. In ka zauna, tsayin wurin zaman daga ƙasa ya kasance tsakanin santimita 43 zuwa 46 ga mai matsakaicin tsayi, tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai, ƙugu ya yi daidai da gwiwa ko ya ɗan fi ta sama. Zurfinta daga gaba zuwa majingina kamar santimita 50 zuwa 55, yadda in bayanka ya taɓa majingina za a sami tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin bakin kujerar da bayan gwiwarka. Yawancin manyan saitin da ake yayi sun fi haka zurfi nesa, shi ya sa ake zamewa a kishingiɗe a kansu. Gwajin da ya fi kowanne shi ne ka miƙe tsaye ba tare da ka dafa komai ba. In sai ka yi lilo sau biyu ka tura da hannu, ta yi ƙasa da yawa ko ta yi laushi da yawa. Kada kuma ka ji kunyar zama minti 10 zuwa 15 a wurin mai sayarwa kafin ka yanke hukunci.

Ka tambayi nauyin soson da ke ciki. Na wurin zama ya kamata ya kai kilo 30 zuwa 35 a kowace mita kubik (wato mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi), ko fiye. Wannan adadi ƙarko yake nunawa, tauri daban ne: ana samun soso mai tauri amma mara nauyi, wanda zai lotsa cikin shekara ɗaya. Don ka gane ƙarfin katakon ciki, ɗaga ƙafar gaba ɗaya sama kamar taƙi ɗaya. In ɗayar ƙafar gaban ta biyo ta, ƙirar tana da ƙarfi. In ta zauna a ƙasa kujerar ta murɗe, haɗin ya yi sako-sako. Kayan da aka yi da allon garin katako da gam sukan fitar da wari mai yaji a ido makonnin farko, daga sinadarin gam ɗin ne, a riƙa buɗe taga har ya lafa.

Da wannan ilimin, je ka duba kushin ɗin da kake da shi yanzu. In katakonsa lafiya lau yake, mai gyaran kujeru zai iya sauya soson, ya ɗaure igiyoyin roba ko sifirin da suka saki a ƙasa, kafinta kuma ya ƙara wa ƙafafun tsawo. Ɗan ƙaramin matashi a ƙasan baya ya cike sauran. Wannan ba zai ci ko kusa da kuɗin sabon saiti ba. Ni a ganina ma ƙaramin falo bai dace da cikakken saiti ba sam. An tsara su ne don su cika ido a babban ɗakin nuna kaya. Kujera ɗaya mai cin mutum biyu ko uku, da marasa nauyi guda biyu da za a iya jawowa in an yi baƙi a mayar in sun tafi, sun fi amfani. Kafin ka shigo da kowane abu, shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa daidai girmansa, ku yi kwana biyu kuna kewaya su. Nan take za ku san ko ɗakin zai ɗauka.

Wani abin sha'awa shi ne keke da kujerar zamani suna da dangantaka ta jini. A wajen 1925 Marcel Breuer, matashin mai zane a makarantar Bauhaus ta Jamus, ya lura da yadda aka lanƙwasa bututun ƙarfe aka yi hannun kekensa ƙirar Adler, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Daga nan ya fara ƙera kujeru da irin wannan bututun, kuma kujerun ƙarfe da ke cike da ofisoshi a yau daga wannan tunanin suka fito. A 1926 kuma Margarete Schütte-Lihotzky ta tsara ɗan ƙaramin kicin na gidajen ma'aikata a Frankfurt, bayan an ƙirga takun da mai girki ke yi, aka jera komai yadda hannu zai kai ba sai an taka ba. An yi irinsa kusan 10,000. Wannan jinƙai ne ga mutanen da aikin ƙarfi ya gama gajiyar da su. Tun daga lokacin masu tsara gidaje suke ta rage mana taku, har muka kai inda komai na falo ana sarrafa shi daga zaune. Kai matsalarka ta juye, saboda haka tsarin gidanka ma ya kamata ya juye: ka bar wasu abubuwa nesa da hannu da gangan. Ruwan sha a kicin, cajar waya a wani ɗaki.

Kuma ka bar fili a ƙasa, aƙalla mita biyu a tsawo da ɗaya da rabi a faɗi, wanda ba sai an ja tebur kafin a same shi ba. Ina matsa wannan ne saboda keke yana da gibin da masoyansa ba su cika faɗa ba: sirdi ne ke ɗauke da nauyinka, don haka ba ya ƙarfafa ƙashi kamar tafiya a ƙafa, ba ya kuma yi wa tsokar ciki da ta baya wani aiki mai yawa. Ƙa'idojin 2020 ɗin nan sun ce a ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ba ka buƙatar na'ura: tsugunawa da miƙewa, kwanciya rigingine ka ɗaga ƙugu sama, dafa ƙasa da hannu da gwiwa ka miƙa hannu ɗaya da ƙafar da ke ɗaya gefen. Minti goma sun isa. Zama a ƙasa kan darduma wani lokacin shi ma motsi ne, domin mai zaman ƙasa yana yawan sauya zama, kuma dole ya tashi da ƙarfin ƙafarsa. Wani likita a Brazil, Claudio Gil Araújo, ya gwada mutum kusan 2,000 masu shekara 51 zuwa 80 a kan zama ƙasa da tashi ba tare da dafawa ba, a sakamakon da ya fito a 2012 waɗanda suka fi shan wahalar tashin su suka fi mutuwa a shekarun da suka biyo baya.

Wurin aikinka ba zan tsawaita a kai ba. Tebur mai tsayin santimita 72 zuwa 75, gwiwar hannu a lanƙwashe daidai da saman teburin, saman allon kwamfuta daidai da ido, nisansa tsawon hannu. In ƙaramar kwamfutar cinya ce, ɗora ta kan littattafai ka sa mata madannai na daban. Ka miƙe duk rabin awa ko da na minti ɗaya ne. Wani babban nazari na 2016 da ya haɗa mutum sama da miliyan ɗaya ya nuna sai an yi kamar minti 60 zuwa 75 na motsi a rana kafin a goge illar zaman awa takwas, ka ga keken naka ya kai ka kusa amma bai sallame ka daga tashi-tashi ba. Teburin aiki a tsaye ba na gaggawa ba ne, tsayuwa wuri ɗaya ba ta fi zama ƙona kitse da wani abin kirki ba.

Da yake bayanka na ciwo, zaɓin keken da daidaita shi suna da muhimmanci ƙwarai. Nemi wanda za ka zauna a kai kusan a miƙe, hannunsa daidai da sirdi ko sama da shi, ka bar irin na 'yan tsere masu sunkuyawa. In ka kama hannun, gwiwar hannunka ta ɗan lanƙwashe, kafaɗu a sake. Tsayin sirdi kuwa, hau ka ɗora diddigenka a kan feda tana can ƙasa: ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, haka ake so. Sababbin mahaya kusan duk suna sa sirdi ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa suna zaune, kuma wannan ne ke kawo ciwo a gaban gwiwa. In kuwa bayan gwiwa ne ke ja, ko ƙugu na rangaji hagu da dama, ya yi sama da yawa. Sirdin ma irin ruɗin kushin gare shi: mai kauri da laushi sosai yana barin ƙasusuwan zama su nutse, soson ya danne wuraren da bai kamata a danne ba. Matsakaicin tauri, mai faɗin da ƙasusuwan biyu za su zauna a kai, a shimfiɗe ba ya kallon sama, shi ya fi. Ka riƙa sa giya mara nauyi ƙafa tana juyawa da sauri, maimakon mai nauyi kana dannawa da ƙarfi, gwiwa da baya duk sun fi son haka.

Ranar hutu ka fara gwada hanyar, ka nemi ta cikin unguwa ko da ta ƙara kilomita ɗaya. Farar fitila a gaba, ja a baya, hular kwano a ɗaure, ka matsa birki biyun kafin ka fita, ka duba iskar taya duk mako. Kada ka taɓa shiga gefen babbar mota a kwana, direbanta ba ya ganinka. Jaka ta hau kariyar keke, kada ka goya ta a baya. Fara da kwana biyu a mako, ka ƙara ɗaya bayan kowane mako biyu. Tsamin cinya da na mazaunai a makonnin farko ba komai ba ne, yana wucewa. Sagewar hannu ko ta gaba, da ciwo mai suka a gwiwa, alama ce ta a sake daidaita keken. In an yi mako shida bayan bai sassauta ba, ko ya ƙaru, je wurin likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ka tafi da hotonka biyu da aka ɗauka daga gefe, ɗaya kana kan keken, ɗaya kana zaune a teburin aikinka.